Ranar da Aka Cire wa Kawu Ɗangiwa Riga a Kebbe

Tambuwal,
Lardin Sakkwato,
27 ga Mayu, 1962.

Zuwa ga ƙanena Armaya'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da kewa wadda ta fi ta yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka, a can ƙasar Kongo da ba mu san ta ba sai a bakin rediyo. Allah ya tsare ka daga harsashi da zazzaɓi da sharrin baƙuwar ƙasa, ya maido mana da kai a kan ƙafafunka. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Inna tana nan da ƙarfinta, in ban da idon hagu da ke ƙara yin hazo da gwiwar da ke damunta in ta daɗe a zaune. Bakinta kuwa ba abin da ya same shi. Matarka Ni'imatu tana lafiya, tana ƙoƙari ƙwarai da tsohuwa. Ɗiyarka Ummu ta fito da haƙora fuɗu, duk wanda ya ɗauke ta sai ya ɗanɗana su. Mun yi babbar Salla lafiya, an yanka ragon da ka sa a saya, Inna ta sa an soya rabonka an rufe a tukunya cikin mai, wai ko Allah zai kawo ka kafin ya ƙare. Na gaya mata soja ba ya dawowa don nama, ta ce ni ban san ɗanta ba.

Takardarka ta iso ranar jajibere, tare da guntun jaridar da ka yanko ka sa a ciki. Na karanta wa Inna takardar, sai dai na tsallake wurin da ka yi maganar jaridar, kuma za ka ga dalili. Ka ce ka zagaya da ita cikin bariki kana nuna wa 'yan'uwanka soja, kana gaya musu ga ƙasarku, ga amfanin mulkin kai, yau talaka ya sami gwamnatin da ke share masa hawaye. Ka ce har wani kofur mutumin Yola ya yi maka barka. To ƙanena, ban ga laifinka ba, rashin sani ya fi dare duhu, kuma hoton jarida dishi-dishi ne. Amma tsohon nan da ke durƙushe a tsakiyar hoton, kansa ba hula, daga shi sai 'yar shara, da takarda rataye a wuya kamar akuyar da za a kai kasuwa, yana miƙa hannu biyu yana karɓar buhu, Kawu Ɗangiwa ne. Ƙanen Innarmu na Fakku, wanda ya fara ɗora ka a kan doki. Ina wurin aka ɗauki hoton, tsakanina da shi bai fi taku goma ba, kuma tun ranar nake neman wanda zan amayar wa abin da ke cikina. Tun da kai ka taɓo maganar, sai ka yi haƙuri ka ji ta tun daga tushe.

Ka san an yi gobara a Fakku, na ambata maka a takardar da ta wuce, amma a taƙaice na yi don kada in tayar maka da hankali kana bakin aiki. Kwana goma bayan ƙaramar Salla ne, da rana tsaka, yawancin maza sun tafi kasuwa. Wutar ta tashi daga wani madafi a gabashin gari, iskar bazara ta ɗauke ta, kafin a jawo guga goma daga rijiya ta cinye gidaje fiye da arba'in. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Gidan Kawu yana cikin na farko. Rumbunansa biyar da ka sani, uku na gero, guda na dawa, da ƙaramin nan na wake, duk suka tafi. An ce kwana uku hatsin yana ci a hankali, gari ya cika da ƙaurin tumu. Sutura kuwa sai wadda ke jikinsu. Mutumin da ya ɗaure dami dubu har sau biyu a rayuwarsa, makaɗan noma suka yi masa kirari a gonarsa, shi ne ya wayi gari da baki goma sha ɗaya a gida, ba ko tsabar da kaza za ta tsattsaga.

Abin da mutanen ƙasa suka yi a makon nan shi ne abin da babu jaridar da ta buga. Malam Abdulkarimu na Sanyinna, abokin Kawu tun suna samari, ya zo da jakuna uku ɗauke da gero, ya sauke a bakin abin da ya rage na zaure, ya ce a gaban mutane wai ajiyar Ɗangiwa ce da ta daɗe tana cika masa rumbu, ya gaji da tsaronta. Kowa ya san Kawu bai taɓa ba shi ajiyar ko zangarniya guda ba. Amma Kawu ya ce to, har ya ƙara da cewa ai ya yi jinkirin kawowa, aka yi dariya aka shiga da hatsi. Mata suka riƙa aiko wa matarsa Gwaggo Marka da ƙwarya rufe da faifai, wannan ta ce ɗanɗane ne, waccan ta ce sabuwar daddawa ta yi tana so a gaya mata ko ta nuna. Samari suka yi gayya suka yanko ciyawa da itace aka rufe ɗakuna. Ba wanda ya tambayi Kawu tukunya nawa ta rage masa. Abin da aka tara ba zai kai su kaka ba, wannan kowa ya sani, amma Kawu yana fita masallaci da kansa a sama, ana yi masa jaje yana amsawa kamar wanda aka yi wa rasuwa, ba kamar wanda ya faɗi ba.

Sai da aka yi mako uku sannan labari ya kai kunnen manya, aka ce an kafa ofishin agaji. Wanda aka turo ya rubuta sunaye ba kowa ba ne sai Atiku, ɗan ƙanen Gwaggo Marka, wanda ya tashi a gidan Kawu tun rasuwar ubansa, wanda kuke cin tuwo a akushi ɗaya in mun je hutu. Yanzu akawu ne. Ya yi kwas na wata shida a Zariya ya dawo da tabarau da alƙalami uku a aljihu, ko ina kwana ba ya iya cewa sai ya cakuɗa ta da Turanci. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ya sa aka kafa masa tebur a gindin tsamiyar bakin masallaci, ya riƙa kiran magidanta ɗaya bayan ɗaya yana yi musu tambaya da ƙarfi jama'a na ji: sau nawa aka ɗora tukunya jiya, awaki nawa suka tsira, zane nawa matarka ke da shi. Wanda ya ce akuya biyu ta tsira masa, sai a ja layi a kan sunansa. Kafin la'asar, mutanen Fakku, waɗanda ko yunwa ta kama su alhamdu lillahi suke cewa, sun ɗauki darasi, kowa na rantsuwa shi ya fi maƙwabcinsa tsiya. Kawu bai je teburin ba. Atiku ya bi shi har gida, ya gaya masa da murna wai kada ya damu, ya riga ya sa sunansa lamba ɗaya saboda halacci. Har gobe Atiku gani yake alheri ya yi.

Ranar kasuwar Kebbe aka sa mai shela ya zagaya, wani masinja na karanta masa shi kuma yana ɗaga murya, yana kiran sunayen fakirai da gajiyayyun da gwamnati ta tausaya wa, kowa da sunan ubansa don kada a yi kuskure. Sunan farko Ɗangiwa na Fakku. A kasuwar nan fa, Armaya'u, inda shekara talatin in Kawu bai sauke kaya ba ba a yanke farashin gero.

Ni an ɗauke ni daga ɗakin shan maganinmu na Tambuwal, ni da malamin allura, wai mu duba mata da yara a wurin rabon, shi ya sa na gani da idona. Mun isa Kebbe da hantsi a bayan motar kaya, hanya ta gama girgiza mana hanji. Muka tarar an kafa rumfa a wani fili, an jera kujeru, an shimfiɗa darduma, an jiƙa kwalaben lemo a bokiti. Can nesa da rumfar an ja igiya, bayan igiyar ga mutanen Fakku, wasunsu a hanya suka kwana, suna tsaye cikin ranar bazara, kowa an rataya masa jan kati mai lamba a wuya. An hana su zama a inuwar kukar da ke gefe, wai layi zai lalace kafin babban baƙo ya iso daga Kaduna. An ce ƙarfe goma zai zo. Bayan la'asar ya zo. Azahar ma a cikin layin suka yi taimama suka yi ta. Mata biyu suka faɗi, na yayyafa musu ruwa. Da na nemi a ba su lemo guda daga bokitin, aka ce na baƙi ne. Don kada lokaci ya tafi a banza, Atiku ya riƙa koya musu gaisuwa kamar 'yan aji ɗaya: in ya ɗaga hannu su ce mun gode sau uku, in ya sauke su yi shiru. Dattawa masu furfura da jikoki, ya sa su maimaita har sau shida wai muryarsu ba ta fita.

Baƙon ban san sunansa ba, ban kuma nema ba. Wani ƙato ne mai ƙamshin turare, rigarsa kaɗai ta isa ta rufe ɗaki guda a Fakku. Ya yi jawabi mai tsawo, ya ce gwamnati uwa ce talakawa 'ya'yanta, ya kira Fakku da sunan wani gari daban har sau biyu ba wanda ya gyara masa. Sannan aka kira lamba ɗaya. Kawu ya fito cikin farar riga da hula da Malam Abdulkarimu ya ba shi aro, domin a tarbiyyarsa ba a zuwa gaban manya da ƙazanta. Ka san tsayinsa, ka san tafiyarsa. Da ya tsaya kusa da baƙon, sai mai ɗaukar hoto ya sauke kyamararsa ya ce haka ba zai yiwu ba, wanda ya ga hoton ba zai gane wa ke bayarwa wa ke karɓa ba. Aka yi ƙus-ƙus a rumfa. Sai ga Atiku ya taho yana murmushi, ya raɗa wa Kawu, irin raɗar da ni ma na ji daga inda nake, wai ya daure ya cire rigar da hular, minti guda ne kawai, kuma in da hali ya ɗan durƙusa.

Na ɗauka Kawu zai juya ya tafi, kuma wallahi na so ya tafi. Ya dubi Atiku, ya daɗe yana dubansa, sannan ya waiwaya ya dubi layin da ke bayansa. Ya cire hula, ya tuɓe rigar ya naɗe ta a hankali, ya miƙa wa wani tsoho ya riƙe masa, ya durƙusa. Aka ɗora masa buhu a hannu. A hoton farko baƙon ya rufe ido, a na biyu wani ya gitta, sai a na uku aka dace; kowane karo a karɓe buhun a sake miƙa masa. Da aka gama, baƙon ya shiga motarsa, buhun nan da ka gani aka mayar da shi cikin motar kaya, domin na hoto ne. Abin da aka auna wa Kawu tiya shida ce ta wani garin masara rawaya da ba mu san irinsa ba, da bargo guda. Bargo, a watan da kaza ke yawo baki buɗe don zafi. Daga baya na tambaye shi abin da ya sa ya yarda. Ya ce akwai mata masu goyo a bayansa tun safe, in ya yi fushi taro ya watse su ne za su koma hannu wofi. Shi ya riga ya ci zamaninsa, yaran da ke layin kuwa ba su ci komai ba tun jiya.

Kada ka ce yayarka ta zama 'yar hamayya, ko ba ta son a taimaki talaka. Ni ce ke auna jarirai, na san yadda hannun yaro ke komawa kamar kara in damina ta yi nisa ba hatsi a gida. Garin nan, duk da warinsa, shi ya riƙe ran 'ya'yan Atu, bazawarar nan ta bayan gidan Kawu wadda ba ta da kowa, kuma na gode wa Allah a kan haka. Da za a ƙaro shi gobe, ni zan fara ɗaukar buhu a ka. Masu bayarwar ne na raina, kuma raini ba kaɗan ba. Abincin nan ba daga rumbun ubansu ya fito ba. Shekara arba'in Kawu na biyan haraji bai taɓa sa an zo ƙofarsa sau biyu ba, Fulanin dajin Kebbe na biyan jangali. Abin mutane ne aka ɗan tsakuro aka maido musu, amma sai an sa su durƙusa sun yi godiya baki uku. Tun muna yara malamai ke gaya mana ka bayar da dama hagu ba ta sani ba. Waɗannan kuwa ba sa iya ba da tiya guda sai sun kira mai shela da mai hoto. Turawan da suka tafi ba su san mu ba, in sun wulaƙanta mu a ce baƙi ne. Waɗannan namu ne, sun san abin da hular dattijo take nufi. An ce rijiya ta ba da ruwa guga ya hana. Wannan gugan bai hana ba, a fuska ya watsa wa mai ƙishirwa.

Ka ji kuma abin da ya biyo baya. An yi alkawarin za a dawo bayan mako biyu. Yau mako shida ke nan ba a ji ɗuriyar motar ba. Amma sunan ya zauna daram. A kasuwar Kebbe yanzu 'yan kati ake ce wa mutanen Fakku, in ɗayansu ya taya kaya sai a ce ya jira motar gwamnati. Waɗanda suka riƙa aiko da ƙwarya rufe da faifai sun janye hannu, ba don mugunta ba, cewa suke ai gwamnati ta ɗauke su, an ma gani a jarida buhu-buhu ake ba su. Ga kuma irin su Ɗan'iya mahauci, wanda ko hayaƙi bai shiga gidansa ba, ya kai awakinsa gidan surukansa, ya sa tsumma, ya sami kati, yana yawo da shi a wuya kamar lambar girma. Kullum yana bakin hanya yana sauraron ƙugin mota, gonarsa ko sassabe bai yi ba. Wato an karya mai kunya, an koya wa marar kunya sana'a. Kawu kuwa ya daina zuwa kasuwa. A masallaci ya bar sahun gaba ya koma bakin ƙofa, yana sallamewa ya fice. Masu zuwa tambayarsa wace gona ta dace da wane iri, cewa yake su je su tambayi masu takarda. Gwaggo Marka ta gaya mini gobara ba ta rage masa cin tuwo ba, amma tun da ya dawo daga Kebbe loma uku yake yi ya wanke hannu. Mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa.

Shi kuwa gogan naka Atiku an yaba da aikinsa, an ɗaga shi zuwa Sakkwato. Ya sa an yi wa hoton gilashi. Kwana biyu kafin Salla ya biyo ta nan yi wa Inna sallama, hoton a hammata, yana nuna mata gefen da kafaɗarsa ta fito. Ni ban gaya wa Inna komai ba, ashe labari ya riga ya zo mata ta bakin masu kawo kuka da daddawa. Ta amsa gaisuwarsa lafiya lau, ta sa Ni'imatu ta dama fura da nono mai kyau aka kawo. Da ya miƙa hannu sai ta ce ya dakata, a gidan nan an sake tsari: mai son fura sai ya cire hula da riga, ya fita tsakar gida ya durƙusa a rana, ya ce ya gode sau uku, minti guda ne kawai. Ya yi dariya, ya duba ya ga shi kaɗai ke yi. Ya shiga bayani wai ba a fahimci aikin zamani ba, wai in ba hoto manya ba za su ƙara turo kaya ba. Inna ta ce ta fahimta sarai, ta tambaye shi shekara goma sha biyu da ya yi yana cin tuwon Ɗangiwa hoto nawa aka ɗauke shi. Ya tashi bai sha furar ba. Inna ta jawo ƙwaryar ta shanye abinta.

Bayan Salla da kwana biyu na nemi izini a wurin aiki na tafi Fakku da buhu biyu na gero, daga gare ni da Inna. Na sami Kawu a zaure yana sassaƙa wa wata fartanya sabuwar ƙota, tsohuwar wuta ta lashe ta. Ya yi mini maraba, ya tambayi kowa har Ummu. Da aka sauke buhunan ya dube su, ya tambaye ni, ba da wasa ba, ina zai dangwala yatsa, kuma rigar zai cire ko hular kaɗai ta isa. Armaya'u, ni da na sha karɓar haihuwa mai wuya idona a bushe, ranar sai da na juya baya. Ya ce in mayar wa yayarsa da kayanta, ya gode, ya riga ya karɓi rabonsa na sadakar duniya a Kebbe, ba zai ƙara ba. Gwaggo Marka ta ja ni ɗaki ta nuna mini abin da ya rage musu, ba zai wuce mako biyu ba. Ta kuma gaya mini yana maganar sayar da gonar fadama ya tafi Kurmi yin dako, inda ba a san fuskarsa ba. Mutum mai shekara sittin da ɗoriya.

A nan ne na yi ƙarya da sunanka, Allah ya yafe mini, kai ma ka yafe. Na koma zaure na ce masa ba ma wannan ne ya kawo ni ba. Na ce kai ne ka rubuto kana kuka a kan gonar marigayi Baba ta hanyar Sanyinna, wadda ta zama saura tun da ka shiga soja, ka ce maƙwabta na cin iyakarta, ba ka da wanda zai tsaya maka sai kawunka amma kana jin nauyin roƙonsa. Rabin maganar ai gaskiya ce, gonar ta zama daji. Sai ya ɗaga murya ya ce yaran yanzu sun iya riƙe bindiga a ƙasar wasu ba su iya riƙe ƙasar ubansu ba. Gwaggo Marka ta ce karo na farko ke nan da aka ji ya ɗaga murya tun Kebbe. Na dawo da buhunana ban san ko dabarar ta kama ba. Shekaranjiya sai ga shi a Tambuwal a kan jaki, da manyan 'ya'yansa biyu, ya bar sauran su riƙe gonakin Fakku. Ko ruwa bai sha ba ya wuce gonar, ya zagaye ta taku-taku, ya gano maƙwabcin arewa ya shigo da kunyoyi bakwai, ya tsaya a kansa har ya mayar. Ya dawo gida yana faɗa, ya zage ka tas, ya zage ni, ya ce wa Inna malalata ta haifa. Sannan ya yanka sharuɗɗansa: a ba shi iri, da fartanya fuɗu, da abincin ma'aikata har zuwa kaka, a kai rabinsa Fakku domin iyalin ma'aikata ba za su zauna da yunwa ana yi wa soja bauta ba, in an girbe a raba biyu. Inna ta yi ta ciniki da shi kamar gaske, har ta ce ya cika tsada. Buhunan nan biyu da ya ƙi, su aka fara ɗora wa jaki zuwa Fakku, ya ɗaga su ya ce ma ba su cika ba.

To ga abin da nake so da kai, kuma kada ka yi jinkiri. Ka rubuto wa Kawu takarda da ajami, domin ita yake karantawa da kansa ba sai wani ya ji ba. Ka roƙe shi ya riƙe maka gonar, ka ba shi haƙuri a kan sakacinka, ka ce ba ka da kamarsa. Kada ka ambaci gobara, kada ka ambaci Kebbe, kada ka yi masa jaje, kada ka kuskura ka rubuta kalmar taimako sai in kai ne mai nema. Abin da ka saba aiko wa Inna ka ƙara a kai in da hali, ni na san yadda zan mai da shi gero ba tare da ya ji warin sadaka ba. In ya aiko maka da amsa cike da zagi ka karɓa da hannu biyu, alamar samun sauƙi ce.

Inna tana gaishe ka tana sa maka albarka, ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka in ana ruwa. Ni'imatu tana gaisuwa, tata takardar tana cikin wannan ambulan, ban karanta ba. Maigidana Malam Abdulhamidu yana gaishe ka da kyau, haka yara su Hauwa'u da Madina, suna tambaya ko gaskiya ne a Kongo bishiya ta fi hasumiyar masallaci tsayi. Gwaggo Marka ta aiko da gaisuwa da addu'a. Ka gai da ɗan Fatsuma mai ƙuli-ƙuli da kuke bataliya ɗaya, ka gaya masa uwarsa ta ce wata fuɗu ke nan ba ta ga rubutunsa ba, ba ta yafe ba sai ya rubuto. Kawu bai ce a gaishe ka ba. Cewa ya yi a gaya maka in ka dawo kada ka zauna a zaure kana ba da labarin yaƙi, ka same shi a gona. Yanzu haka da nake naɗe takardar hadari ya haɗo daga gabas, ina jin muryarsa a ƙofar gida yana yi wa 'ya'yansa tsawa su fito da iri.

Allah ya sada fuskokinmu da alheri.

Ni ce yayarka,
Hinde.